Taswira a Kan Tebur

Daren jiya wuta ta ɗauke a ofis.
Na haska fitilar salula bisa taswira,
na ɗora yatsa a kan Bagalam,
na ja shi har Ali Ɗan Tsoho.
A takarda, taƙi ɗaya ne.
A ƙasa kuwa, tambayi Barira
mai kwandon tumatir daga Jiratawa,
wadda kullum rana ke riga ta shiga gari.

Ni ne magajin gari, haka hatimi ya ce.
Amma ran da motata ta mace gaban tasha,
na tsaya cikin babbar riga ina ɗaga hannu.
Adaidaita shida suka wuce ni a cike.
Na bakwai ya ce, "Dala sittin, Alhaji, ko ka taka."
Na biya.
Gwiwata a jikin buhun albasa,
wata tsohuwa na riƙe da takardar likita
kamar mai tsoron iska ta ƙwace mata.
Ranar na shiga ajin farko na karatun gari.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba:
bas goma sha biyu,
layi guda daga Zariya zuwa babbar kasuwa,
wani ya gangara Maradawa,
inda soraye ke zubar da laka kamar haƙoran tsoho.
Kowace matsaya da rumfa, da benci, da randa.
Kuɗin shiga dala ashirin,
ɗan makaranta ya ba da rabi.
Ta tashi kan lokaci ko da kujeru ne kaɗai a ciki,
har mutane su saba,
su daina fita tun asuba don tsoron makara,
su daina rantsuwa da sauri.

Kansila Hankurau ya yi dariya a majalisa:
"Ranka ya daɗe, ina kwaltar da za ta taka?
Damina ɗaya ta lashe rabinta."
Ban musa ba.
Ɗan Jimma mai kabu-kabu ya tare ni bayan la'asar:
"In bas ta zo, bashin babur ɗina fa?
Kai za ka biya?"
Na ce bas ba ta shiga lungu, lungu naka ne.
Ya dube ni kamar na sayar masa da gishiri jiƙaƙƙe,
ya buga babur, ya bar ni da hayaƙi.
Har yau tambayarsa na aljihuna,
tana nauyi kamar tsabar kuɗin da ba ta sayen komai.

Kakata ta ce gulbi ya taɓa cin garin nan,
mutane suka ɗauki jinka da turmi suka hau tudu.
Garin da ya taɓa tashi da ƙafarsa
ai ya san tafiya.
Sai dai yanzu gudun cibiyarsa yake.
Mai kuɗi ya yi bene can bakin hanyar Ɗan Isa,
tsakiya na rufe ido tun magariba.
Shagon da ubana ya taka keken ɗinki shekara talatin
yau jarkoki ne a ciki, babu ko mai gadi.
Ina so in ga mai shayi ya kai sha ɗaya a wurin,
mata na jiran motar ƙarshe ba fargaba,
yara na gardamar ƙwallo ƙarƙashin fitila.
In ƙafa ta dawo, ciniki zai biyo ta.
In ciniki ya dawo, mai gini zai nemo magini da kansa.

Wuta ta dawo wajen ƙarfe biyu.
Sai na ga gindin kofin shayina
ya zana zobe a kan 'Yan Daka.
Na bar shi. Wataƙila nan ne matsaya ta fari.

Gobe akwai zaman kasafi.
Ma'aji ya ce kuɗin bas uku muke da su,
ukun ma sai an rufe ido.
To, uku.
Na bar wa direba makulli.
Ƙarfe shida zan tsaya bakin kasuwa da biro,
in ƙirga masu jira ɗaya bayan ɗaya,
in ga ko Barira ta iso da wuri.